Yadda za ka gyara kodon kafin ka sa jin a cikin E. coli

Ɗan'uwa idan kana so bakteriyar E. coli ta haɗa maka furotin na wata halitta, kar ka ɗauko jin ɗin (yankin DNA mai ɗauke da umarnin haɗa furotin) ka zuba kai tsaye, fara duba kodon ɗinsa tukuna, wato haruffan DNA uku-uku da ake karanta jin da su. Kodon 61 ne ke rubuta amino asid 20 (tubalan gina furotin), shi ya sa irin su arginin suke da kodon har 6, amma kowace halitta da wanda ta fi so, kuma wannan ba haka kawai ba ne, zaɓin yanayi ne ya fifita kodon ɗin da tRNA ɗinsu (masu kawo amino asid) ya fi yawa don raibozom (injin haɗa furotin) ya yi sauri, masanin kimiyya Ikemura ya nuna haka tun 1981.

To ka sauko da jerin haruffan jin ɗin daga GenBank (rumbun jerin DNA na intanet), ka jera shi da teburin kodon na E. coli. Abin da za ka fi sa wa ido shi ne kodon arginin AGA da AGG, musamman in sun zo a jere, don ita E. coli CGT da CGC ta saba da su, sai raibozom ya tsaya yana jira kamar mota a go-slow. Jin na ƙwayar zazzabin cizon sauro ta Plasmodium falciparum ya fi wahala gaskiya, kusan kashi 80 na DNA ɗinta A ne da T.

Sai ka musanya kodon ɗin da E. coli ba ta saba da su ba da waɗanda ta saba da su masu rubuta amino asid ɗaya, ko ka yi amfani da nau'in E. coli mai suna Rosetta mai ƙarin tRNA. Amma don Allah kar ka canza duka, wasu wuraren jinkirin ne ke ba furotin lokacin naɗewa daidai, in ka goge su yana iya dunƙulewa ya ƙi aiki.