Kurakuran da aka fi yi wajen tantance tsohuwar katantanwar teku da raɗa mata suna

Farin dutsen da ake haƙa don yin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da ɗan'uwansa na Malbaza a jihar Tawa, asalinsa laka ce ta ƙarƙashin ruwa. A zamanin da masana ƙasa ke kira Faliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce, wani reshen teku mara zurfi ya ratsa inda Sahara take a yau, ya malalo har ƙasar Adar da Sakkwato. Shi ya sa ɗaliban ilimin ƙasa ke dawowa daga aikin fili da jaka cike da katantanwar da ta zama dutse. Tsintarta ba ta da wuya. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen cewa wace iri ce, da kuma siffanta ta yadda wani zai gane ta ko bai taɓa riƙe ta a hannu ba.

Kuskuren farko a fili ake yin sa, tun ba a kai ga littafi ba. Ɗalibi ya tsinci katantanwa a kan tulin da motar haƙa ta zubar, ko a cikin kwazazzabon da ruwan sama ya wanke, ya jefa ta a jaka ɗaya da wadda ya ɓanɓaro daga jikin dutse. A yankin Sakkwato shimfiɗun suna hawa kan juna: yumɓun Dange a ƙasa, farin dutsen Kalambaina a kansa, yumɓun Gamba a sama. Abin da ya gangaro ƙasa yana iya fitowa daga kowannensu. Don haka kowace katantanwa da ledarta, da takardarta a ciki: wuri, lambobin GPS, shimfiɗar da ta fito, tsayinta daga gindin gangare, da rana. Wadda aka tsinta a yashe a rubuta cewa a yashe take. Ba a zubar da ita, amma ba a gina hujjar shekaru a kanta.

Akwai kuma ruɗanin da sabon shiga kan faɗa: ba duk abin da ya nannaɗe ne katantanwa ba. A duwatsun Dukamaje na yankin Sakkwato akwai amonayit, a na Kalambaina akwai dangin notilus, dabbobin teku ne masu nannaɗaɗɗen ɓawo amma ba katantanwa ba, kuma cikin ɓawonsu a rarrabe yake ɗaki-ɗaki da bangaye. Katantanwa kuwa rami ɗaya ne da ya murɗe daga tsini zuwa baki. Haka wuri, wato kuɗin da, da aka tono a kufai ko tsohuwar kasuwa ba shi da alaƙa da tekun Sakkwato; kuɗin fatauci ne da ya fito daga tekun Indiya, akasari daga tsibiran Maldib.

Amma babban kuskure, wanda ya fi kowanne ɓata aiki a ƙasarmu, shi ne raɗa sabon suna a kan zubin ciki. Yawancin katantanwar teku da wani ma'adini mai suna aragonayit take gina ɓawonta, shi kuwa saurin narkewa gare shi idan ruwa ya daɗe yana ratsa dutse. Kawa da bushiyar teku da kalsayit, ma'adinin da ya fi jure ruwa, suke yin nasu, shi ya sa ake samunsu da ɓawonsu a dutsen da katantanwa ta rasa nata. Abin da ya rage a hannunka laka ce da ta cika cikin ɓawon ta daskare, sannan ɓawon ya narke ya bar ta. Kamar malmalar tuwo ce da aka kife daga ƙoƙo: za ta nuna maka faɗin cikinsa da zurfinsa, amma ba za ta gaya maka zanen da aka yi a bayansa ba. To a bayan ɓawon ne alamomin rarrabe jinsi suke: zaren da ke zagaye murɗi, haƙarƙarin da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa, ƙusoshi, layukan girma, kaurin leɓe. Jinsi biyu da ba su ma haɗa dangi ba suna iya barin zubi iri ɗaya sak. Zubi yakan nuna murɗe-murɗen a ware da juna, da wawakeken rami a gindi, alhali duk gurbin ɓawon da ya narke ne. Wanda bai lura ba sai ya rubuta cewa katantanwar tana da faffaɗar cibiya, ya mayar da raunin adana alamar jinsi.

Gyaran yana nan kusa, amma a fili ake yin sa. Idan ka fasa dutse zubi ya faɗo, kada ka yar da ɓarin da ya fito daga ciki. Wannan ramin shi ne hatimin bayan ɓawon. A wanke shi a hankali, a zuba masa robar silikon ko latas, idan ta bushe a ɓare. Sau da yawa zanen da ake nema zai fito. A ba zubin da hatiminsa lamba ɗaya. Idan babu hatimi, a tsaya inda hujja ta tsaya. Masana suna da alamomin da suka tanada don haka: a rubuta sunan dangi a bi shi da sp. idan jinsi bai tabbata ba, a sa cf. idan tana kama da sanannen jinsi amma samfurin bai isa a yanke hukunci ba, a sa aff. idan ana ganin makusanciyarsa ce ba ita ba. Ɗalibai suna jin kunyar rubuta sp., suna ganin gazawa ce. Ni kuwa a ganina jerin da ke da sp. goma na gaskiya ya fi jerin da aka cika da sunayen da babu mai iya tabbatarwa, domin na biyun ne ke shiga littattafai ya ɓatar da na baya shekara da shekaru.

Wajen tsaftacewa, kada asid ko ruwan tsami ya taɓa abin da ya fito daga farin dutse, domin samfurin da dutsen duk abu ɗaya ne, tare za su narke. Burushin ƙarfe ma yana share zanen da ake nema. Allura, burushin haƙori da ruwa sun isa.

Sai kuma yarda da kama ta nesa. Duk doguwar katantanwa mai tsini da murɗi da yawa, sai a ce Turritella. Lamarck, masani ɗan Faransa, ne ya kafa wannan dangi a 1799, kuma tun daga nan aka yi ta tura masa duk abin da ya yi tsawo. Misalin da ya fi shahara shi ne dutsen ado na jihar Wayomin a Amurka da 'yan kasuwa ke sayarwa da sunan Turritella har gobe, alhali katantanwar da ke cikinsa Elimia tenera ce, ta ruwan daɗi, wadda ta rayu a tafki. Dubi girman ɓarnar: suna ɗaya da aka sa ba daidai ba ya mayar da tafki teku. Siffar waje tana maimaita kanta a dangogi daban-daban saboda irin rayuwa ɗaya kan haifar da irin gini ɗaya. A 1957 John Marwick na ƙasar Niyu Zilan ya nuna cewa a gidan Turritella abin dubawa shi ne yadda layukan girma ke lanƙwasa a jikin murɗi, da jerin yadda zare ke fara bayyana a murɗe-murɗen farko, wane ne ya riga wane. Waɗannan sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, kuma sai an juya fitila ta haska daga gefe.

Tsinin ma abin kula ne. Can a ƙololuwa akwai ɗan ɓawon da dabbar ta gina tana tsutsa, wanda sau da yawa bai wuce milimita ɗaya ba. Idan murɗinsa da yawa kuma siriri, alama ce ta tsutsar da ta daɗe tana yawo a ruwa tana ci. Idan ɗaya ne ko ɗaya da rabi, mai kumburi, daga babban ƙwai ta fito. Jinsi biyu da manyansu suka yi kama sukan rabu a nan. Shi ne kuma farkon abin da ke karyewa. Idan ya karye, a faɗi cewa babu shi. Kada a siffanta abin da ya rage a matsayin tsini.

Wani kuskuren da ya haifar da sunaye barkatai shi ne ɗaukar yaro da babba a matsayin jinsi biyu. Wuri, wanda aka yi kuɗi da shi a da, ya isa misali. Ƙaraminsa ɓawo ne mara kauri, da tsini a fili da baki a buɗe; sai ya balaga leɓen ke naɗewa ciki, haƙora su fito, tsinin ya ɓuya. Wanda ya ga su biyun a dutse ba tare da na tsakiya ba zai rantse ba 'yan gida ɗaya ba ne. Maganin shi ne yawan samfuri. A jera su daga ƙarami zuwa babba, a auna tsawo da faɗi da yawan murɗi da kusurwar tsini, a zana ma'aunan a jadawali. Idan ɗigogin sun bi layi ɗaya ba gibi, jinsi ɗaya ne yake girma. A kuma tuna cewa yumɓu yana danne abin da ke cikinsa. Katantanwar da ta baje ba mai faɗi ba ce, nauyin ƙasa ne ya matse ta.

Kafin kalmar "sabo" ta fito daga bakin kowa, sai an karanta na da. An daɗe ana aiki a kan katantanwar Najeriya. R. B. Newton ya siffanta ta Ameki, a kudu maso gabas, a 1922, F. E. Eames ya sake bitar aikin a 1957, O. S. Adegoke ya wallafa babban aikinsa a kan Ewekoro ta jihar Ogun a 1977, kuma dutsen Ewekoro na zamanin Faliyosin ne kamar na Kalambaina. Tunda tekun Sakkwato ya haɗe da na arewacin Afirka, dole a leƙa abin da aka rubuta a kan Mali, Nijar, Libiya da Masar, mai yawansa da Faransanci. Dokar sunayen dabbobi ta ce wanda ya riga shi ke da suna, ana ƙirgawa daga littafin da Linnaeus, masani ɗan Suwidin, ya wallafa a 1758. Rumbun MolluscaBase a intanet yana taimakawa wajen gano ko an riga an yi amfani da suna, amma ba ya maye gurbin duba hoton asali da bayanin asali.

Hoto kuwa, tsini a sama, baki yana fuskantar mai kallo, sannan a ƙara na baya da na gindi. A haka bakin mafi yawan katantanwa yana dama. Kyamarar gaba ta waya da wasu manhajoji suna juya hoto, sai ta dama ta koma ta hagu, wanda a wasu dangogin babban bambanci ne. A sa sandar ma'auni a cikin hoton maimakon rubuta "an ninka sau biyu", domin mujalla na iya rage girman shafi. Haske daga sama ta hagu yake zuwa. Hayaƙin amoniyam kulorayid yana rufe samfuri da farar ƙura mai laushi, zane ya fito raɗau. Wani lokaci fitilar ultrabayolet tana farfaɗo da zanen launin da ido ba ya gani, kamar yadda Jonathan Hendricks ya nuna a 2015 a kan dangin Conus na Jamhuriyar Dominika.

A rubutu, an fi cuɗa abu biyu: cikakken siffantawa da taƙaitaccen bambancewa. Na farko yana bin ɓawon daga tsini zuwa baki. Na biyu layi kaɗan ne da ke cewa da me wannan ta bambanta da makusantanta, a ambace su da suna. "Kyakkyawa ce, matsakaiciya" ba bayani ba ne. A ba da milimita, a ƙirga zare. Sunan dangi da babban baƙi yake farawa, na jinsi da ƙarami ko da sunan mutum ko gari ne. Baka biyu da ke kewaye sunan marubuci ba ado ba ne: sunan wuri, Monetaria moneta (Linnaeus, 1758), na nufin Linnaeus a wani dangin ya fara sa ta, wato Cypraea, daga baya aka ɗauke ta.

Sunan da aka raɗa a kundin digiri da ke ajiye a laburaren sashe bai zama suna ba, sai an wallafa shi yadda dokar sunayen dabbobi ta duniya ta tanada. Bugu na huɗu na dokar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2000, ya wajabta a bayyana ƙarara cewa sabon jinsi ne, a ayyana samfurin da sunan zai rataya a kansa, a kuma faɗi ma'ajiyar da yake ko za a kai shi. Tun gyaran 2012, aikin da ya fito a intanet kaɗai sai an yi masa rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi, kafin ya fito, kuma shaidar rajistar ta bayyana a cikinsa. Samfurin asali ba ya zama a durowar ofis ko a gidan wanda ya tsinta. A kai shi gidan adana kayan tarihi ko ma'ajiyar jami'a mai rajista, da lamba a jikinsa da tawadar da ba ta gogewa, tare da hatiminsa da kwafin robar da aka ɗauka.