Karayar arziki a Amurka: kurakuran da ke raba 'yan'uwanmu da motarsu

Duk ɗan'uwanmu da bashi ya yi wa katutu a Amurka har ya shigar da takardar karayar arziki a kotu, tambayarsa ta farko ita ce, mota fa? Da gaskiyarsa, da yawanmu da ita muke neman abinci, ko Uber ko kai saƙo. Abin da ya ishe ni shi ne kuskure iri ɗaya ake ta maimaitawa, kuma kusan kullum da kiredit yuniyon a ciki, wato bankin nan da mambobinsa ne masu shi.

Babban kuskuren shi ne tara komai wuri ɗaya. Albashi can yake shiga, katin bashi nasu ne, bashin mota ma nasu. Na san dalili: kuɗin ruwansu ya fi sauƙi, ga ma'aikata masu fara'a. Amma a takardun da ka sa wa hannu ranar karɓar mota, yawanci akwai layin da ya ce motar jingina ce ga duk bashin da suke bin ka, har da na kati. Ko ka biya kuɗin motar kaf, suna iya riƙe takardar mallakarta saboda abin da ya rage a katin. Bashin katin da kotu kan wanke wa mutum a wani banki, a nan ya manne a jikin motarka.

Asusun ma bai tsira ba, kuma wannan ni kaina ya taɓa ci na. Da labarin shari'ata ya isa wurinsu, na tsaya shan mai, kati ya ƙi. Kuɗin haya na ciki, na cefane na ciki. Na kira lauya ina ta faɗa, ba an ce kotu ta hana masu bashi taɓa ni ba? Ya ce ƙwace kuɗi daban, riƙe su daban, kuma tun 1995 Kotun Ƙolin Amurka ta amince banki ya riƙe su na wani lokaci kafin alƙali ya duba. Shi ya sa duk wanda ya zo gare ni, abin da nake fara sa shi ke nan: ya buɗe asusu a bankin da ba ya bin sa ko sisi, ya mayar da albashinsa can, ya ga ya shiga da idonsa, sannan a je kotu. Ba ɓoyewa na ce ba. Sabon asusun dole ya fito a takardunka, domin rantsuwa za ka yi a kansu.

Na biyu, takardar sabunta alƙawari. A Babi na 7, wato sashen dokar karayar arziki da kotu ke wanke wa mutum yawancin bashinsa kai tsaye, hanya uku ce a gabanka: ka mayar da motar, ka fanshe ta lokaci ɗaya a kan darajarta ta yanzu, ko ka sa hannu cewa bashin yana nan a wuyanka kamar ba ka je kotu ba. Haba malam! Mota ta tsufa, injinta na kuka, ana bin ka ninki biyun kuɗinta, ka rattaba hannu don kawai kada a ce wane ya koma bin bas? Idan ta mutu bayan wata shida, za su ɗauke ta su yi gwanjonta, cikon kuma kai za ka biya, alhali sai bayan shekara 8 za ka iya sake samun wankewa a Babi na 7. Sau da yawa kuma kiredit yuniyon kan ce sai ka haɗa da bashin katin a sabuntawar. Ni nakan ce a fara kai motar wurin bakanike mai amana, a ji gaskiyarta, kafin a ɗauki biro. Wanda ya riga ya sa hannu yana da damar janyewa cikin kwana 60 daga ranar da aka shigar da takardar sabuntawar a kotu, ko kafin a wanke shi daga bashin, duk wanda ya fi nisa.

Sauran a gurguje. Kada ka biya ƙaninka ko kawunka bashinsa ana gobe za ka kotu. Wakilin kotu na iya bin duk abin da ka biya dangi cikin shekara guda ya karɓo, ka jawo wa bawan Allah abin kunya. Wanda ya tsaya maka ranar sayen mota, ka gaya masa da wuri, domin a Babi na 7 kansa za su koma. A Babi na 13, wato sashen da kotu ke tsara maka biyan bashi kaɗan-kaɗan cikin wasu shekaru, ana iya rage bashin motar hawa zuwa darajarta, amma sai an yi kwana 910 da sayenta, don haka ka ƙirga kafin ka yi gaggawa. Muddin kana cikin Babi na 13, ba ka cin bashin wata motar sai da izini. Inshora kada ta yanke ko na kwana ɗaya. Kuma kada ka jira sai an ja motar sannan ka nemi lauya, dawo da ita ya fi tsare ta wuya.

Idan kiredit yuniyon ta yi asara a kanka, da yawansu kan daina ba ka bashi da kati bayan an gama shari'a, ko shekara nawa ka yi kana mamba. Ka sa wannan a lissafi tun kafin ka zaɓi abin da za ka yi da motar.