Yadda Za Ka Ratsa Lok a Kogin Tems da Jirgi Mai Inji

Lok wani ɗakin ruwa ne mai ƙofa gaba da baya, ana cika shi ko a rage ruwan don jirgi ya hau ko ya sauka. Akwai 45 a sashen sama na Kogin Tems da ke Ingila.

1. Yi wa jirginka rajista a Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila kafin ya taɓa ruwa.

2. Bi hannun dama, kada ka wuce kilomita 8 a awa. A nan rigima da masu tuƙi da filafili take farawa. Su baya suke bai wa inda suka nufa, ba sa ganinka, kuma kwale-kwalensu siriri ne, gefensa dab da ruwa. Taguwar ruwan da injinka ya tayar tana iya cika musu shi. Don Allah sassauta tun daga nesa.

3. Tsaya a layi har mai gadin lok ya yafito ka.

4. Da ka shiga, rataya igiya gaba da baya, ka kashe inji. Kada ka ƙulle igiyar tamau, riƙe ta a hannu kana sassautawa, don in ka ƙulle ta kuma ruwa ya sauka, jirgin zai rataye.

5. Da an buɗe ƙofa, fita a hankali.