Yadda ake tuwon madara irin na Mama

Masu yawan tambayata tuwon madarar da na koya wajen Mama a Tudun Wada, Kaduna, ga shi:

1. Ki zuba sukari gwangwani 1 da ruwa rabin gwangwani a tukunya.
2. Ki dafa har ya yi danƙo. Kada ya yi ja, zai yi ɗaci!
3. Ki rage wuta sosai.
4. Ki zuba madarar gari gwangwani 3 kaɗan-kaɗan kina tuƙawa da muciya. A nan ake ɓata shi; Mama takan ce, "Kada hannunki ya tsaya, zai yi gudaji."
5. Ki juye a faranti mai shafin mai.
6. Ki murza da kwalba.
7. Ki yanka da ɗuminsa. In ya huce, farfashewa yake yi.