Kurakuran da masu shan maganin nitrate suke ta maimaitawa

Aikin nitrate, irin su isosorbide mononitrate da nitroglycerin, shi ne buɗe jijiyoyin jini domin zuciya ta samu sauƙi, ciwon ƙirji ya ragu. Magani ne mai kyau, amma kurakurai iri ɗaya ake ta yi da shi har abin ya ishi mutum.

Mafi muni shi ne haɗa shi da maganin ƙarfin maza. Sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, da tadalafil su ma buɗe jijiyoyi suke yi. Idan suka haɗu da nitrate sai jini ya sauka farat ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi, wani ma daga nan sai rasuwa. Ba a taɓa nitrate sai an yi aƙalla awa 24 da shan sildenafil, awa 48 da shan tadalafil. Mai shan nitrate kullum kuwa, babu shi babu su. Kada ma ka ce "ai nawa na ganye ne", domin an sha gano sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗen. Haba, wace kunya ce za ta hana ka gaya wa likita abin da ka sha alhali ranka ne a ciki?

Na biyu, barin maganin a jiki dare da rana. Jiki yakan saba da shi ya daina ji. Shi ya sa ake ɓare na mannawa a fata na awa 10 zuwa 12, galibi da dare. Ƙwayar da ake sha sau biyu, tazarar awa 7 ake ba ta, misali takwas na safe da uku na rana. Ni shawarata, a rubuta lokutan a jikin kwalin.

Ciwon kai na kwanakin farko yakan lafa, paracetamol ya wadatar. Kada ka yanke maganin da kanka, ciwon ƙirjin zai iya dawowa da ƙarfi. Ƙwayar da ke narkewa a hankali ba a tauna ta, ba a daka ta. Giya na ƙara saukar da jini.

Idan ciwon ƙirjin ya taso, ƙwayar rigakafi da ake sha kullum ba ta da saurin da za ta cece ka. Zauna tukuna, ka sa nitroglycerin ɗaya a ƙarƙashin harshe, kada ka haɗiye. In minti 5 ya wuce ciwon bai lafa ba, a kira motar asibiti nan take, kada ka tuƙa kanka. Ƙwayoyin nitroglycerin ɗin a bar su cikin kwalbarsu ta gilashi a rufe gam, zafi da iska na kashe musu ƙarfi.