Darasi na 9: Idan Makunnin Hana Santsi Ya Ƙi Aiki

Yawancin motocin da ake shigowa da su yanzu, irin su Camry, Corolla, Highlander da Accord, suna da na'urar da ke hana taya juyawa a banza idan ta hau santsi. Kowace taya tana da sensa mai ƙirga juyawarta, ita ce dai wadda birkin ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki, yake aiki da ita. Da zarar kwamfutar birki ta ga taya ɗaya ta fi sauran gudu, sai ta ɗan kama birkin wannan tayar, ko ta rage wa inji ƙarfi, har tayar ta kama ƙasa. A Amurka, tun daga motocin 2012 doka ta wajabta wa ƙananan motoci na'urar hana kufcewa a kwana, wadda ke tafiya tare da wannan. Shi ya sa da wuya ka ga motar Amurka ta bayan wannan shekara a Birnin Kebbi ba ta da ita.

A kan jiƙaƙƙiyar kwalta na'urar tana ceton rai. Amma duk wanda ya taɓa kafewa a taɓon fadamar Argungu da damina, ko a rairayin hanyar ƙauye wajen Kamba, ya san akwai lokacin da ake so taya ta juya da ƙarfi ta watsar da laka. Kana taka totur, na'urar tana rage wuta, mota na nan inda take. Don irin wannan rana aka yi makunnin kashe ta. A Toyota za ka ga an rubuta TRAC OFF ko VSC OFF, a Honda VSA OFF, a Marsandi da Fijo kuma ESP. Wasu motocin hoton mota kawai suke sawa, da layi biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Kwafi waɗannan haruffa a littafinka, domin za ka riƙa haɗuwa da su.

Fara karanta fitilun dashbod

Mutane da yawa suna zuwa gareji su ce makunni ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Idan fitilar mai hoton mota tana ƙyaftawa lokacin da taya ke zamewa, wannan ba ciwo ba ne, na'urar ce take aikinta. Idan ka danna makunni fitilar OFF ta kama, ka sake dannawa ta mutu, shi ma lafiya. A Toyota da yawa dannawa ɗaya tana kashe TRAC kaɗai, wato na'urar hana santsi, amma in mota na tsaye ka riƙe shi kamar daƙiƙa 3, har VSC, wato ta hana kufcewa a kwana, zai mutu. In ka kashe mota ka sake tayarwa, na'urar za ta dawo da kanta.

Idan fitilar mai hoton mota ta zauna a kunne tare da ta ABS, zargi sensar taya ko wayarta kafin komai. Idan tare da fitilar inji ta kama, to ka sani Toyota da yawa suna kashe wannan na'ura da kansu duk lokacin da inji ya samu matsala, ko da ta fulogi ce. Nan sai a sa wa mota kwamfutar gwaji ta soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a karanta lambar ciwon. Wanda ya saya wa irin wannan mota sabon makunni ya yi asarar kuɗin mutane.

Darasinmu na motar da fitilar ABS da ta inji duk ba su kama ba ne, amma ana danna makunni babu abin da ke faruwa, ko kuma fitilar OFF tana kamawa ba wanda ya taɓa shi.

Yadda wutar take tafiya

Makunnin nan ɗan aike ne kawai: saƙo yake kaiwa, ba shi ke ɗaukar kaya ba. A motoci da yawa, waya ɗaya tana fitowa daga kwamfutar birki ɗauke da 'yar wuta, ta zo ƙafar makunni. Wata wayar tana fita daga ɗaya ƙafar ta je ta ɗaure a ƙarfen jikin mota, ita ce wayar at. Idan ka danna, ƙafafun biyu suna haɗuwa, 'yar wutar ta zube a at, kwamfuta ta gane an danna. Ka saki, ya dawo da kansa. Akwai motocin da tsarinsu ya juya, makunni ke tura wa kwamfuta wutar batir, don haka in kana da taswirar wayoyin motar, duba ta tukuna.

Ke nan ban da batir da fis, wurare huɗu ne kaɗai ciwo zai iya ɓuya: makunni, wayar saƙo, wayar at, sai ita kanta kwamfutar. Ita ce ta fi tsada, kuma ita ce ba ta cika lalacewa ba, saboda haka ita ce ta ƙarshe a zargi.

Wani abu da ke ruɗa sabon yaro: in ya ciro makunnin sai ya ga ƙafa huɗu ko fiye, ba biyu ba. Biyu daga ciki na ɗan ƙwan da ke haska makunnin da dare ne, wanda ke kamawa tare da ƙananan fitilu. Makunni zai iya haskawa tas alhali ya mutu, zai kuma iya zama cikin duhu yana aiki sarai.

Awo da mita

Fara da batir. Juya mita zuwa V mai miƙaƙƙen layi, a kan 20, ka sa jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. Batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6 idan mota a kashe take, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Batir mai rauni yana sa kwamfutar birki ta yi ta kunna fitilu ba dalili. Daga nan duba fis ɗin ABS da na wutar kwamfuta. Sunayensu suna rubuce a murfin akwatin fis.

Yanzu kashe mota, zare makulli, ka ɓanɓaro makunnin a hankali. Zafin watan Afrilu a Kebbi yana busar da robar dashbod, in ka matsa da sukundireba za ta tsage, gara ka naɗe bakinsa da tsumma. Cire soket ka leƙa ciki da tocila. Ƙurar hunturu, ruwan masu wankin mota, da shayi ko lemon da ya zube a kusa da giya, duk suna barin tsatsa ko wani kore-kore a ƙafafu. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa: a fesa maganin wanke soket, a bari ya bushe, a mayar.

In ciki fes yake, juya mita zuwa alamar Ω ko wurin da take ƙara. Haɗa tsinkayen biyu da juna tukuna, ka ji ta yi ƙara, don ka tabbata ita kanta mitar lafiya take. Sa tsinkayen a ƙafafu biyu na makunnin. Ƙafafun da lambar da suka nuna ba ta canjawa ko ka danna ko ba ka danna ba, galibi na ƙwan ne, bar su. Waɗanda kake nema su ne masu nuna OL, ko 1 a gefen hagu, idan ba a danna ba, sannan su faɗo ƙasa da 1 idan an danna. Danna shi sau da yawa, ta tsakiya da ta gefe. In wani lokaci ya yi ƙara wani lokaci ya yi shiru, ya gaji. In yana ƙara ba a taɓa shi ba, ya maƙale a ciki.

Idan makunni ya ci jarrabawa, koma kan soket ɗin da ke jikin mota. A Toyota wayar at yawanci fara ce mai baƙin layi, a Honda baƙa. Mota a kashe, auna daga wannan ƙafa zuwa ƙarfen jikin mota wanda ba fenti: ya kamata ka ga ƙasa da 1. In lambar ta yi yawa, bi wayar har inda aka ɗaure ta da noti, ka kwance, ka kankare tsatsa, ka ɗaure tamau. Sannan murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tayar da inji ba, mita a kan 20 V, baƙin tsinke a ƙarfen mota, ja a ƙafar wayar saƙo. Za ka ga wajen 5, ko kusa da wutar batir, ya danganta da motar. In ka ga 0, ko dai wayar ta tsinke a hanya, ko ta goge tana taɓa ƙarfe, ko kwamfutar ba ta turo komai.

Ga yadda ake raba gardamar. Wani mai rewaya a Jega ne da yaronsa, an kawo musu Highlander.

"Maigida, babu wuta a soket. Kwamfutar ce ta ƙone, a gaya wa Alhaji ya nemo wata."

"Kai yaro, ka san kuɗinta kuwa? Mi ka auna tsakanin nan da can?"

"Ban auna ba, Maigida."

"To cire kan batir na −, ka zare soket ɗin kwamfutar birki, ka kawo doguwar waya."

Suka auna wayar saƙo daga bakinta na dashbod zuwa bakinta na wajen inji, mita ta nuna OL, wato a tsinke take. Da ta yi ƙara a nan, sai su auna tsakaninta da ƙarfen mota. In can ma ta yi ƙara alhali an cire soket duka biyu, to gogewa ta yi tana taɓa bodi, irin ciwon da ke sa kwamfuta ta ɗauka an danne makunni ba a saki ba. Maigidan ya sa yaron ya zuba wa mita ido, shi kuma yana bin damin wayoyin yana motsa shi kaɗan-kaɗan. Da ya kai inda wayoyi ke ratsa robar da ke tsakanin ɗakin inji da cikin mota, mita ta yi ƙara ta ɗauke. Suka buɗe tef, sai ga aikin ɓera: waya a gutsure, ga ɓawon gyaɗa a gefe. Motar da ke kwana kusa da buhunan shinkafa ba ta rabuwa da wannan.

Wuraren da ya kamata ka fara dubawa su ne wannan robar, da bayan rediyo in an taɓa canja shi, da duk inda wani ya yanka waya don sa na'urar hana sata. Idan ka samu wurin, haɗa da dalma ka rufe da kyau. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef gyaran mako biyu ne a hanyoyinmu masu gargada. Sai wayoyi biyu da makunni duk sun fita lafiya, wuta kuma tana isa kwamfutar, sannan za a fara maganar canja ta.

Tasta mai ƙwai, wadda masu rewaya ke ji da ita, tana da kyau a fitilu da fis, amma kada ka soka ta a wayar kwamfuta, domin tana jan wuta fiye da yadda wayar saƙo za ta iya bayarwa. Duk soket mai launin rawaya da ka gani a bayan dashbod kuma na jakar iska ne, kada tsinke ya kusance shi. Ba a kuma auna Ω a wayar da ke da wuta.

Aiki

Nemi tsohon makunni a wurin masu sayar da kayan gwanjo, kowane iri mai dawowa da kansa. Zana shi a littafinka, ka sa wa ƙafafunsa lamba 1, 2, 3, 4. Auna su biyu-biyu, ka rubuta abin da mita ta nuna kafin dannawa da lokacin dannawa, sannan ka ja layi ƙarƙashin ƙafafun da kake ganin su ne na saƙo. Ka zo da makunnin da littafin aji na gaba, abokin zamanka zai sake aunawa a gwada da naka.