Yadda Ake Sa Rauta Uku Su Gane Juna Da OSPF

Yaran da ke zuwa wurina a Garwa don koyon aikin rezo, wato haɗa kwamfutoci da juna, kusan dukkansu wuri ɗaya suke tuntuɓe a OSPF, tsarin da rautoci (na'urorin da ke zaɓar wa saƙo hanya) suke bi su koyi hanyoyi daga juna. Sun haddace umarni, sun buga shi yadda aka rubuta musu a makaranta, amma rauta ta ƙi kula 'yar'uwarta. Sai su goge komai su sake bugawa, sau biyar, sau shida. Abin yana damuna, domin da sun san me rautar ke yi a ɓoye, da minti goma ya ishe su.

A tsohon tsari irin RIP, ji-ta-ji-ta ake yi. Duk daƙiƙa 30 rauta takan ce wa maƙwabciyarta, "Ina kaiwa wuri kaza da tsalle uku," ita kuma ta yarda ba tare da ta ga hanyar ba. A OSPF da ɗan'uwansa IS-IS kuwa, kowace rauta labarin layukan da ke jikinta kaɗai take bayarwa: da wa take haɗe, layin yana aiki ko ya mutu, tsadarsa nawa. A OSPF wannan shelar ita ce LSA. Ana miƙa ta hannu zuwa hannu har kowa ya tara taswira iri ɗaya, sannan kowace rauta ta zauna ta fitar da hanya mafi araha da kanta. Lissafin da take yi na Edsger Dijkstra ne, masanin ƙasar Holan, wanda ya wallafa shi a 1959.

Da farko, kada ka kashe ko sefa ɗaya wajen sayen tsohuwar rauta. Sa manhajar kwaikwayon rauta, Packet Tracer, a kwamfutarka, ko GNS3 idan tana da ƙarfi. Jera rauta uku kamar duwatsun murhu, kowace haɗe da sauran biyun, ka sa musu suna Garwa, Marwa da Ngaundere. Raba adireshi ba zan tsaya a kansa ba. Ka dai tabbatar ping, saƙon gwajin layi, yana wucewa a kowane layi kafin ka taɓa OSPF.

Na biyu, kunna shi. A kan rautar Cisco ka buga router ospf 1, sai router-id 1.1.1.1, sai network 10.0.0.0 0.0.0.3 area 0 ga kowane layi da adireshinsa. Lambar shaidar nan, wato router-id, da hannunka za ka sa ta, kullum, kuma kowace rauta da tata. Masu kwafe saitin Garwa su liƙa wa Marwa sukan kwafe har da lambar, rauta biyu su zama suna ɗaya, su ƙi juna.

Na uku shi ne maƙwabtaka, kuma nan nake so ka zauna ka natsu. Kafin a yi musayar taswira sai an yi sallama. Kowace rauta tana aika saƙon Hello duk daƙiƙa 10 zuwa 224.0.0.5, idan kuma ta yi daƙiƙa 40 ba ta ji maƙwabciya ba, ta ɗauka ta mutu. Dole lokutan nan biyu su zo ɗaya a ɓangarorin biyu, haka lambar unguwa, wato area, haka faɗin adireshin layin, haka kalmar sirri idan an sa. Buga show ip ospf neighbor ka dubi matsayin da aka tsaya, shi zai gaya maka inda ciwon yake.

Idan ba ka ga kowa ba, ɗaya daga cikin abubuwan can ya saɓa, ko kuma katangar tsaro ta tare. Ka tuna OSPF ba ya hawa TCP ko UDP, lambarsa 89 ce kai tsaye a kan IP, don haka buɗe fot ba zai yi maka komai ba. Idan ka ga Init, kana jin sallamarta, ita ba ta jin taka. Idan 2-Way ne a kan suwic mai rauta da yawa, kwantar da hankalinka: an zaɓi wakili da mataimakinsa, sauran da su kaɗai suke cika hulɗa.

Wanda ya taɓa hana ni barci shi ne ExStart. Wani ofis ne a nan Garwa da reshensa a Pitowa, layin rediyo ya haɗa su. Ping yana tafiya lafiya lau, sallama tana isa, amma maƙwabtaka ta maƙale tsakanin ExStart da Exchange, ta faɗi, ta sake tashi. Tun bayan isha'i nake bincike har aka kusa kiran assalatu. Ashe wanda ya riga ni aiki a wurin ya rage MTU, wato iyakar girman saƙon da layi ke ɗauka, na ɓangare ɗaya zuwa 1400, ɗayan yana 1500. A wannan matakin ne rautoci ke fara nuna wa juna jerin abin da ke cikin taswirarsu, kuma kowace tana rubuta MTU ɗinta a cikin saƙon. Wadda ta ga lamba ta fi tata girma sai ta yar da saƙon. Ping ɗin yau da kullum ƙarami ne, ba zai taɓa tona wannan ba. Duba da show ip interface a ɓangarorin biyu, ka daidaita da ip mtu. Akwai umarnin ip ospf mtu-ignore, amma ni ba na barin yarona ya buga shi, rufe gyambo ne da riga.

Da ka ga Full, wato maƙwabtaka ta kammala, buga show ip ospf database a rautoci ukun. Jerin ya zama iri ɗaya sak.

Sai tsada. Cisco tana raba megabit 100 da gudun layi, shi ya sa layin megabit 100 da na gigabit duka suke fitowa 1. Gyara da auto-cost reference-bandwidth 10000, a kan kowace rauta, kada ka tsallake ko ɗaya. Layin rediyo kuma, rauta gudun wayar da ke shiga rediyon take gani, ba ta san me ke faruwa a iska ba. Sa masa tsada da hannu, ip ospf cost 500 misali, don ya zama na ko-ta-kwana.

Yanzu kashe layin Garwa da Marwa ka duba show ip route. Nan take hanya za ta zagaya ta Ngaundere. A wurin aiki na gaske abin yakan bambanta: idan iskar damina ta juya rediyon can nesa, ko wuta ta ɗauke a can, fot ɗinka yana nan a kunne, sai daƙiƙa 40 ɗin sun cika kafin a sauya hanya. Raba unguwanni bar shi sai rautocinka sun yi yawa, ka dai riƙe cewa kowace unguwa dole ta jingina da area 0. Layin da ke zuwa wurin kwamfutocin ma'aikata kuma sa masa passive-interface, kada rauta ta riƙa yi musu sallama.